Alkamar Meziko: Tsakanin Halin Iri da Halin Wuri

A shekarun 1940, saura ƙiris Norman Borlaug, Ba'amurke mai aikin kyautata irin alkama, ya tattara nasa ya nasa ya bar Meziko. Har ya furta cewa ya ajiye aiki. Abin da ya haɗa shi da shugabansa, George Harrar, magana ce da za ka ɗauka ba ta taka kara ta karya ba: a ina za a shuka alkamar gwaji, kuma sau nawa a shekara. Borlaug yana so a riƙa shuka sau biyu, ɗaya a tsaunukan da ke kusa da babban birnin ƙasar, ɗaya kuma a kwarin Yaqui na jihar Sonora, can arewa maso yamma, tafiyar fiye da kilomita dubu. Harrar ya ce ba ta saɓuwa. Kuɗi ba su isa ba, hanya ba ta da kyau, kuma Gidauniyar Rockefeller ta turo su ne saboda ƙananan manoman tsakiyar ƙasar. Sai da Elvin Stakman na Jami'ar Minnesota, wanda ya koyar da su duka biyun, ya zo ziyara ya shiga tsakani, sannan Borlaug ya janye, Harrar kuma ya sassauta.

Ban da batun kuɗi, akwai hujjar ilimi da ke bayan Harrar. Abin da masu kyautata iri suka yarda da shi a lokacin shi ne, inda za a noma iri, a nan ake zaɓensa. Wanda ya zaɓi iri a wuri mai sanyi ya kai shi wuri mai zafi ya sake zaɓe, sannan ya dawo da shi, ana ganin yana gini ne yana rushewa da hannunsa. Wasu ma sun yi imani cewa tsaba tana buƙatar ta huta bayan girbi kafin a sake jefa ta ƙasa. Wannan ta biyun ba ta da tushe. Ta farkon kuwa tana da shi, kuma har gobe ba a gama da ita ba.

Halin da aka samu alkamar Meziko

Lokacin da Borlaug ya iso a 1944, hekta ɗaya ta alkama a ƙasar tana ba da kusan kilo 750, wato buhu bakwai da rabi na kilo ɗari. Rabin alkamar da ake ci daga waje ake sayo ta. Babban abokin gaba shi ne tsatsar kara, cutar da ke fesowa kamar jan gari a jikin kara, ta tsotse shi har ya karye. Daga 1939 zuwa 1941 ta yi wa manoman Sonora ɓarna shekara uku a jere, har wasu suka haƙura da alkama.

Alkamar da ake magana a kanta ita ce wadda Turawa ke laƙaba wa sunan bazararsu. Bambancinta da alkamar hunturunsu shi ne, ba sai ta kwana makonni cikin tsananin sanyi ba kafin ta fitar da kai. Sunan yana ruɗarwa, don a Sonora da Punjab ta Indiya da Pakistan da Kadawa duk da sanyi ake shuka ta. Amma ita ce alkamar kusan dukkan ƙasashe masu ɗumi.

Wuraren biyu da Borlaug ya zaɓa ba su haɗa komai ba. Ciudad Obregón, a kwarin Yaqui, hamada ce da ake shayarwa daga madatsun ruwa. Tana digiri 27 arewa da tsakiyar duniya, tudunta bai fi mita 40 daga teku ba. Ana shuka a Nuwamba, rana tana gajarta har ta kai kusan awa goma da rabi, a girbe a Afrilu zuwa Mayu zafi yana tasowa. Toluca kuwa tana digiri 19, a kan tudu mai tsawon mita 2,600 da ɗoriya. Ana shuka a Mayu ko Yuni da ruwan sama, hasken rana ya haura awa 13, ga sanyi ga danshi, a girbe a Satumba zuwa Oktoba. Cututtukan ma kowa da nasa: tsatsar kara da ta ganye a ƙasa, tsatsa mai ruwan ɗorawa da tabon ganye a tudu. Da an girbe a nan, sai a loda a mota a nufi can.

Niyyarsa ɗaya ce tak, sauri. Fitar da sabon iri yana cin shekara goma ko sha biyu, don bayan an haɗa iyaye biyu sai an bi zuriyarsu shuka shida ko bakwai kafin halinsu ya zauna. 'Ya'yan farko duk kamanninsu ɗaya. A jikoki ne ake ganin rarrabuwa, wannan dogo, wannan gajere, wannan ya kamu, wannan ya tsira. Shuka biyu a shekara ta raba wannan jira gida biyu.

Aikin haɗin kansa ba na mai garaje ba ne. Alkama ita ke yi wa kanta barbara, namiji da mace suna cikin fure ɗaya. Mai haɗin yakan zauna a kan 'yar kujera a tsakiyar kunya tun da hantsi, ya kama zangarniyar da ba ta buɗe ba, ya datse ƙananan furannin sama da na ƙasa da almakashi, sannan ya sa hantsaki ya zare 'yan sandunan bununi guda uku da ke cikin kowane furen da ya rage, tun suna kore. In ɗaya ya kuɓuce masa, aikin ya lalace, don uwar za ta auri kanta. Sai ya rufe zangarniyar da ɗan ambulan, ya rubuta lamba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da zangarniyar uban, ya karkaɗe bununinta a ciki, ya sake rufewa. Irin wannan haɗi sama da 6,000 Borlaug da yaran da ya horar suka yi a shekaru goman farko. Tashar da ya samu a Yaqui kufai ce, ba wuta ba tarakta, har ya taɓa ɗaura wa kansa igiyar garma yana ja, wani yana riƙe da ita ta baya.

Me ya sa tsoron Harrar ya yi ma'ana

Abin da gona ta bayar ana raba shi gida uku. Akwai halin iri, wato gadon da ke cikin tsaba. Akwai halin wuri, wanda ya haɗa ƙasa, ruwa, zafi, tsawon rana, cuta, taki, ranar shuka, da hannun manomi. Na ukun shi ne jituwar da ke tsakaninsu, kuma shi ne mai wahalarwa. In aka gwada iri ashirin a wurare goma, kaso mafi girma na bambancin da za a gani a sikeli daga wuri yake zuwa, nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne iri da jituwa ke rabawa, kuma sau da yawa jituwar ta fi irin nauyi.

Jituwar ma iri biyu ce. Wani lokaci iri na farko yana gaban na biyu ko'ina, tazarar ce kawai ke ƙaruwa a gona mai kyau ta ragu a maras kyau. Wannan ba ya hana mai zaɓe barci. Mai tayar da hankali ita ce wadda ake sauya matsayi: zakara a Obregón ya zama kurar baya a Toluca. Duk manomin da ya taɓa karɓo iri daga wani gari saboda ya ga yadda ya yi a can, ya shuka a gonarsa ya tashi da kara, ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Kuma halaye ba su zama ɗaya ba wajen bin gado. Tsawon kara, ranar fitar da kai, launin tsaba, waɗannan suna bin iri sosai, ƙwayoyin gado kaɗan ke riƙe da su. Nauyin tsaba yana tsaka-tsaki. Amma yawan zangarniya a kowace murabba'in mita, da yawan tsaba a zangarniya, da jimillar amfani, waɗannan kunnensu na wajen wuri. Suna kuma cin juna: in shuka ta yi 'ya'ya da yawa, zangarniya ta ƙanƙance; in tsaba ta yi yawa a kai, kowace ta rage ƙiba. Shi ya sa wanda ya bi hali ɗaya kawai, misali doguwar zangarniya, yakan kai ƙarshe ya ga buhu bai ƙaru ba.

Abin da ya fito ba da niyya ba

Tsatsa ta samu magani. Daga 1948 aka fara sakin iri masu jure mata, kuma zuwa 1956 Meziko ta daina sayen alkama daga waje. Sai dai wani abu ya biyo baya wanda Borlaug da kansa ya sha faɗa cewa bai shirya shi ba.

Alkama tana ƙirga tsawon rana. Yawancin irin da ake nomawa a Kanada da arewacin Amurka da Turai ba sa gaggawar fitar da kai sai rana ta yi tsawo. Mu ma mun san wannan hali, ta bayansa. Dawarmu ta gargajiya, irin su farafara da kaura, ko ka shuka ta da ruwan farko ko ka makara da makonni, kusan tare za ta fitar da kai a ƙarshen damina, don jira take rana ta fara gajarta. Shi ya sa dawar da ta saba da wani yanki, in aka kai ta arewa ko kudu da nisa, sai ta yi ciki a lokacin da bai dace ba. Alkama ma haka, sai dai ita doguwar rana take jira.

To duk layin, wato zuriyar da aka zaɓo daga wani haɗi, da ke ƙirga rana ba zai yi kyau a wuraren Borlaug duka biyu ba. Wanda ya dace da doguwar ranar Toluca zai yi ta ganye a gajeriyar ranar Sonora har zafi ya cim masa. Mai zaɓe bai san dalili ba, ya dai ga ya makara, sai ya tumɓuke shi. Shekara bayan shekara, abin da ya rage a rariya shi ne layukan da ba ruwansu da tsawon rana: in zafin da suke buƙata ya taru, su fitar da kai. Halin yana nan cikin wasu iyayen da ya yi amfani da su, kai-komon ne ya tace shi. Daga baya masu bincike suka gano ƙwayoyin gadon da ke da alhaki, babbarsu ita ce Ppd-D1.

A ganina nan ne zuciyar lamarin. Ɗaya daga cikin manyan igiyoyin da ke ɗaure iri da garinsu ta tsinke. Sauran igiyoyin suna nan, kuma za su bayyana.

Gajeren kara

Da aka kori tsatsa, manoman Sonora suka fara zuba taki, sai wata matsala ta ɓullo. Alkamar lokacin doguwa ce, takan kai ƙirjin mutum. In ta sha taki da ruwa sai ta ƙara miƙewa, kai ya yi nauyi, iska ɗaya bayan ban-ruwa ta shimfiɗe ta kamar tabarma. Wanda ya taɓa shiga gonar da ta kwanta ya san yadda take: na ƙasa ya ruɓe, tsaba ta motse, ɓera da tsuntsu su samu gari, lauje ma ya rasa ta inda zai kama. Taki ya zama yana da iyakar da in ka wuce ta, asara kake saye.

Maganin ya fito daga Japan. Akwai wani gajeren iri mai suna Norin 10 da aka saki a can a 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani masanin noma Ba'amurke, S. C. Salmon, ya gan shi ya aika da shi gida a 1946. Orville Vogel a jihar Washington ya haɗa shi da wani iri mai suna Brevor, kuma a 1953 ya aiko wa Borlaug 'yan tsabobi daga wannan haɗi. Yunƙurin farko ya ci tura, tsatsa ta cinye su. Sai a 1955 haɗin ya kama, kuma aka ɗauki shekaru ana gyara matsalolin da suka biyo gajartar, irin su motsattsiyar tsaba da furannin da ba sa ɗauka. A 1962 aka saki Pitic 62 da Penjamo 62. Sonora 64 da Lerma Rojo 64 suka biyo, sai Siete Cerros a 1966.

Ƙwayoyin gado biyu, Rht1 da Rht2, su ke sa kara ya daina jin kiran sinadarin girma da ake kira jibarelin. Hana kwanciya shi ne amfanin da ido ke gani, amma akwai wanda ya fi shi. A makonnin da ke gab da fure, kara da zangarniya suna rububin abinci ɗaya. In kara ya rage ci, zangarniya ta samu ƙari, furanni da yawa da da za su mutu su rayu, tsaba ta yawaita. Shukar ba ta ƙara nauyi gaba ɗayanta ba sosai, rabon ne ya sauya. A dogayen iri, tsaba kan zama kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke saman ƙasa. A gajeru tana kusantar rabi.

Gwaji a Punjab

M. S. Swaminathan, masanin noma ɗan Indiya, ya sa aka gayyaci Borlaug Indiya a 1963. A 1965 aka tura 'yan ɗaruruwan tan na iri zuwa Indiya da Pakistan, cikin wahalhalun da suka haɗa da tarzomar Los Angeles da ta tare motoci a hanyar tashar jirgin ruwa, da yaƙin da ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Da aka shuka kuma aka ga tsiron bai cika ba, ashe maganin ƙwari da aka yi wa irin a sito ya yi yawa, dole aka ninka yawan abin da ake zubawa. Duk da haka amfanin ya ba kowa mamaki. A 1966 Indiya ta sayo tan 18,000, a 1967 Pakistan ta sayo tan 42,000. Alkamar Indiya ta tashi daga tan miliyan 12.3 a 1965 zuwa miliyan 20.1 a 1970, ta Pakistan daga miliyan 4.6 zuwa 7.3. Haɗi guda ɗaya, mai lamba 8156, shi ya haifi Siete Cerros a Meziko, Kalyan Sona a Indiya, da Mexipak a Pakistan. A 1970 Borlaug ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ana yawan ba da wannan labari kamar irin ne ya yi tafiya shi kaɗai ya ci gari. In aka duba da kyau, Punjab 'yar'uwar Sonora ce: fili shimfiɗaɗɗe, sanyi maras ruwan sama sosai, rana tarwai, ban-ruwa, girbi kafin zafi. Kuma tare da irin aka kai taki, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, gwamnati ta sa farashin da za ta saya. Wato an ɗauki iri, an kuma gyara masa wuri ya yi kama da gidansu. Wani abu guda ma da sikeli ba ya aunawa ya taso: irin farko jajaye ne, matan Indiya da Pakistan kuwa farar alkama suka saba da ita wajen yin gurasarsu, sai da aka zaɓo farare daga cikin layukan.

Inda bai ci ba

A ƙarshen shekarun 1960 aka kai gajerun irin Maroko, inda alkama ke dogara da ruwan sama. Aka yi shekara mai ruwa, cutar tabon ganye da ake kira Septoriya ta yi musu kaca-kaca. Ɗigon ruwa ne ke fantsama cutar daga ganyen ƙasa zuwa na sama, kuma a gajeren kara tsanin gajere ne. Gajartar da ta cika rumbu a Punjab ita ta buɗe wa cuta ƙofa a nan.

A busassun ƙasashe, irin wasu sassan Ostireliya, manomi yana so ya binne iri da zurfi ya kai ga danshi. Ƙwayoyin da suka gajarta kara kuwa sun gajarta har da kuben da ke rufe tsiro yana huda ƙasa. In aka zurfafa, kuben ya ƙare a hanya, ganyen farko ya buɗe a cikin ƙasa ya naɗe, gona ta fito da gibi-gibi. A kudancin Birazil ƙasa mai tsami ce, sinadarin alminiyam yana ƙone saiwa, tsofaffin irin ƙasar dogaye suka fi baƙin. A Kazakistan da Saiberiya kuma, rashin ƙirga rana ya zama aibi: alkama ta yi gaggawar fitar da kai a doguwar ranar can kafin ta yi jiki, kafin ruwan tsakiyar damina ya iso.

Masana irin su Salvatore Ceccarelli, wanda ya yi shekaru yana aikin sha'ir a ICARDA, cibiyar binciken noman busassun ƙasashe, a Siriya, sun kafa hujja da irin waɗannan. Matsayinsa shi ne, irin da aka zaɓa a tashar bincike mai wadatar ruwa da taki ba lallai ya yi wa talaka mai busasshiyar gona rana ba, don a can ƙasa-ƙasa ne matsayi ke sauyawa, saboda haka a je gonar talakan a yi zaɓen. Maganar Harrar ce ta dawo da sabuwar riga. Mutanen CIMMYT, cibiyar da aka kafa a 1966 ta gaji aikin Borlaug, suna mayar da martani da sakamakon gwaje-gwajen ƙasa da ƙasa da aka fara tun 1964, inda ake aika kwali ɗaya na iri zuwa wurare da dama a duniya, kuma layukansu kan fito a sama har a wurare masu matsakaicin fari. Kowane ɓangare yana da gaskiya a inda yake tsaye. CIMMYT da kanta, a ƙarshen shekarun 1980, ta raba duniyar alkama zuwa manyan shiyyoyin yanayi 12, shida na farko na alkamar bazara: mai ban-ruwa, mai yawan ruwan sama, mai ƙasa mai tsami, mai fari, mai zafi, da ta can arewa mai doguwar rana. Wannan rabon amsa laifi ne cikin ladabi, cewa babu iri ɗaya da zai gamsar da kowa.

Nawa ne na iri, nawa ne na wuri

Bincike biyu da aka yi a kwarin Yaqui sun nuna yadda rarrabewar ke da wuya. A na farko, wanda Sayre da Rajaram da Fischer suka buga a 1997, an shuka irin da aka saki daga 1962 zuwa 1988 gefe da gefe, shekaru da dama, da ruwa da taki isassu, an hana cuta, an hana kwanciya. Tunda wuri ɗaya ne, duk bambancin na gado ne. Pitic 62 ya ba da kusan tan 6.7 a hekta, Bacanora 88 kusan tan 8.5. Ƙarin ya kama kilo 67 a hekta kowace shekara, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuma daga yawan tsaba a murabba'in mita da rabon tsaba da kara ya zo, ƙibar tsaba ba ta ƙaru ba.

Na biyun, na David Lobell da abokan aikinsa a 2005, ya duba gonakin manoma ne. Amfanin alkamar Meziko ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a shekaru ashirin, kuma kowa yana yaba sababbin iri da dabarun noma. Da suka jera lissafin da bayanan yanayi, sai suka ga babban kaso na ƙarin a arewa maso yamma ya zo ne daga sanyin dare da ya ƙaru a waɗannan shekarun. Digiri ɗaya na ɗumin dare yana cin kusan kashi 10 cikin 100 na amfani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fischer ya riga ya nuna tun 1985 cewa yawan tsaba yana rataye da kusan kwana talatin ɗin da ke gaban fure: in akwai hasken rana da sanyi, shuka tana tafiya a hankali tana tara abinci, zangarniya ta cika. In da zafi, sai ta ratsa wannan mataki a guje.

Wato ƙarin digiri ɗaya a dare yana iya shafe abin da masu kyautata iri suka tara a shekara goma. Wannan lissafi ne da ya kamata ya sa duk mai sanar da sabon iri da sakamakon shekara ɗaya a wuri ɗaya ya ɗan rage murya.

Haɗarin irin da ya karɓu ko'ina

Sanjaya Rajaram, wanda ya gaji Borlaug a kan alkamar burodi, ya haɗa alkamar bazara da wata ta hunturu daga Rasha mai suna Kavkaz, aka samu dangin Veery, irin su Seri 82 da Pak 81. Suna ɗauke da wani guntun gado daga wani hatsi ɗan'uwan alkama da ake kira rayi, kuma a jikin guntun akwai Sr31, garkuwar tsatsar kara da ta riƙe duniya shekaru masu yawa. A 1998 aka ga tsatsa a jikin alkama mai Sr31 a Yuganda, aka raɗa mata suna Ug99. Tunda garkuwa ɗaya ce ta bazu a miliyoyin hekta, makulli ɗaya ya isa ya buɗe gidaje da yawa. Haka dangin Attila, wanda ya zama PBW343 a Indiya da Kubsa a Habasha: a 2010 tsatsa mai ruwan ɗorawa ta karya Kubsa ta yi wa manoman Habasha mummunar ɓarna. Cuta ma wani ɓangare ce na halin wuri, kuma ita ba ta zama yadda aka bar ta. Saboda haka aka ƙara zango na uku a kai-komon, Njoro a Kenya, inda ake kai layuka su fuskanci Ug99 kafin su dawo Meziko.

Ta nan ta iso mu

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno. Tun kafin madatsun ruwa ana noma ta da jigo a fadamu, ana yin alkaki da gurasa da taliya. Amma wadda ake zubawa yau a Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori jikanyar wannan kai-komo ce. Siete Cerros ya daɗe a gonakinmu, kuma sunayen irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar daga baya, kamar Atilla Gan Atilla da Norman, suna faɗin asalinsu da kansu. Ranar Disamba a Kano ba ta wuce kusan awa goma sha ɗaya da rabi ba, don haka alkamar da ke jiran doguwar rana ba ta da abin yi a nan. Rashin ƙirga ranar da aka samu ba da niyya ba tsakanin Obregón da Toluca shi ya sa take yin kai a wurinmu cikin lokaci.

Sai dai mu muna shiyya ta biyar ne, ta zafi, tare da Wad Madani ta Sudan. Sanyinmu gajere ne, hunturu ne kawai jarinmu. Shi ya sa malaman gona ke nanata a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don kwana talatin ɗin nan na gaban fure su faɗa cikin sanyin Janairu, tsaba kuma ta cika kafin zafin Maris. Manomi biyu za su sayi iri daga buhu ɗaya. Na farko ya shuka a kan lokaci. Na biyu shinkafarsa ba ta tashi daga gona da wuri ba, ko ruwa bai iso kwatarsa ba, ya kai Janairu. Ranar sussuka ka damƙi tsabar kowannensu a tafin hannu: ta farko mulmulalliya mai sheƙi, ta biyu siririya, tsagar cikinta ta zurfafa, in ka hura ta bi ƙaiƙayi. Na biyun zai ce an sayar masa da mugun iri.

A tashar Obregón, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Borlaug, wannan makara da gangan ake yin ta. Layi ɗaya ana shuka shi a filin da ke samun cikakken ban-ruwa, da wanda ake ba ruwa sau biyu kacal, da wanda ake ɗiga masa kaɗan-kaɗan don a kwaikwayi fari. Sannan a ware wani fili a jira sai wajen ƙarshen Fabrairu a shuka, don fure da cikar tsaba su faɗa tsakiyar zafin hamadar Sonora. Layukan da suka fito da cikakkiyar tsaba daga wannan filin su ake ƙullawa a kwali a aika Sudan da Bangaladash da Najeriya, a sake gwada su a can.